Wanda Ya Tayar da Inusa

Asabar, 4 ga watan Ƙaramar Salla, shekara ta 1344, da hantsi

Mutum uku kaɗai suka zo zaure yau. Kafin azumi sai an shimfiɗa tabarma har waje. Na ce wataƙila gajiyar salla ce. Baiwa ta ce, "Ba gajiyar salla ba ce, Alhaji, suna zango wurin abokinka." Ni ban tambaye ta ba. Matata ce, amma ba kowace magana mutum yake so ya karya kumallo da ita ba.

Tun da ta gaji da sauraro na, zan riƙa zuba wa takarda. Ni ne Shekara na Matamaye, wanda ake kawo wa masu ciwon baya. Ba ɗori nake yi ba, ba na tsaga, ba na ba da rubutun sha. Tsayuwa nake koya wa mutum. A zaurena akwai bango da na shafe da hannuna har ya yi sumul, akwai igiya da na ɗaura wa dutse na rataye a azara. Mutum ya jingina da bango, dunduniya, ƙugu, allon kafaɗa, ƙeya. In kunnensa da kafaɗarsa da idon sawunsa ba su bi igiyar nan ba, to ba mu wuce nan ba, ko wata guda zai yi yana zuwa. Sai ya tsaya daidai sannan in koya masa sunkuyo da murɗa jiki da jan numfashi. Haka aka koya mini.

Shi kuwa Agali, abokin nawa da yake zango, an ce ranar farko ma yana sa mutum ya ɗaga ƙafa sama. An ce ana ta dariya a wurinsa. Ban san abin dariya a ciwon baya ba.

Ɗana Inusa yana nan kwance yadda yake.

Lahadi, 5 ga wata, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin yake, don na ji an fara juya shi a kasuwa.

Ni aka haifa a karkace. Kafaɗar dama sama, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Da haka na bi ayarin alhazai ina saurayi, da haka na isa Jidda. A hanya na tsinci Agali, yaro ɗan Adar wanda mutanensa suka ƙare da zazzaɓi, na riƙa raba tuwona da shi. A Jidda muka yi dako a bakin teku har bayana ya ƙulle, na kwanta a lungu ina jiran mutuwa. Wani tsoho Bahindiye mai sayar da kayan yaji, Musulmi mai yawan salla, shi ya gan ni. Muna ce masa Baba Hindi. Ya ja ni ɗakinsa, ya jingina ni da bango, ya taka mini dunduniya da ƙafarsa. A ƙasarsu abin yana da suna, yoga, in ban manta ba. Ni miƙewa nake ce masa.

Shekaru na yi a jikin bangon nan. Agali zuwa yake yi jira na kawai, yana cin dabino a bakin ƙofa. Rannan tsoho ya nuna mini wani lanƙwaso da na kasa, Agali ya aje dabinonsa ya yi shi da wasa. Tsoho ya tafa hannu, ya kira maƙwabta su zo su gani. Ni bai taɓa kiran kowa ya gan ni ba. Abin da yake ce mini kullum, "Dunduniya ƙasa."

Ni na nemi ilimin da jini da hawaye. Shi a bakin ƙofa ya tsince shi. Da na taso gida shi ya zauna, a hannunsa tsoho ya cika. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake bayarwa.

Talata, 7 ga wata, da hantsi

Cewa ake yi na kori baƙona. Ban kore shi ba. Agali ya sauka gidana farkon azumi bayan shekarun da suka fi ashirin ba mu ga juna ba, na yanka masa kaza. Da safe ya shigo zaure, ya lanƙwasa baya har tafin hannunsa ya taɓa ƙasa, a gaban almajiraina, da furfura a gemunsa. Suka yi ta salati. Bayan kwana biyu na ga ina bukatar ɗakin don in aje hatsi. Hatsi ne, ba wani abu ba. Ya ce, "Ba komai, Yaya, zango ma wuri ne." Yana murmushi ya faɗa. Da ma ya yi fushi.

Laraba, 8 ga wata, bayan azahar

Na sake gwada ɗaga Inusa in jingina shi da bango. Ƙarar da ya yi ta sa awaki suka watse. Uwarsa ta fito da muciya a hannu ta ce in sake shi.

Shi kaɗai ya rayu mini cikin 'ya'ya maza. Tun yana rarrafe nake gyara masa zama. A garin nan babu saurayi mai tsayuwa irin tasa, kowa ya sani. Masu jar hula, dogaran Nasara, suka tafi da shi aikin dole a hanyar mota da ake yi daga Damagaram zuwa Kano, da ƙafarsa ya tafi. Tsakiyar azumi mutane suka kawo shi a kan ƙyauren kara. Waɗanda suka kawo shi sun faɗa wa uwarsa abin da ya faru wurin ɗaukar dutse. Ni na fita, ban tsaya ji ba.

Baiwa ta sake tayar da maganar ranar kasuwa, wai ni na ja aka ɗauke shi. Ni sa shi kawai na yi ya nuna wa mutane yadda ake ɗaukar buhu ba a karya baya ba. Ina ruwana da masu jar hular da suke tsaye suna kallo? Kasuwa ce, kowa yana tsayawa.

Juma'a, 10 ga wata, bayan saukowa daga masallaci

Na dawo na tarar da takalman Agali a ƙofar ɗakin Inusa.

Jira suka yi in tafi masallaci. Shi matafiyi ne, ya yi sallarsa a zango, Baiwa ta aika aka kira shi. Na leƙa. Inusa yana kwance rigingine, ƙafafunsa a kan turmin uwarsa da aka kifa. Ba bango, ba igiya. Agali yana zaune a gefensa yana ba shi labarin yadda jaki ya kayar da ni a hanyar Sudan. Yaron yana dariya. Tun da aka kawo shi ban ji muryar dariyarsa ba.

Agali ya ɗago ya ce, "Yaya, sannu da dawowa. Tsoro ne ya ɗaure masa baya fiye da ciwon. Bari ya saki jiki tukuna."

Na shiga zaure na zauna. A gidana, a kan ɗana, ana koya mini.

Ba haka jakin nan ya kayar da ni ba ma.

Asabar, 11 ga wata, da safe

Ya sake zuwa. Ban fito ba.

Litinin, 13 ga wata, bayan la'asar

Kadiri mahauci ya zo, shi ne bai daina zuwa zaure ba. Na ga ƙafarsa ta dama ta buɗe waje, na tambaye shi wa ya koya masa haka. Ya yi ta kame-kame. Ashe da safe nan yake, da yamma can. Ya ce, "Alhaji, kai kana gyara mutum, shi kuma yana sa mutum ya ji daɗi." Na ce ya je inda ake jin daɗi. Ya tafi da gaske.

Irin koyarwar nan ba ta daɗewa. Jiki gini ne, in tushe ya karkata duk abin da aka ɗora zai rushe. Za su ji daɗi wata ɗaya, biyu, sannan su dawo mini da gwiwa a kumbure. Ina nan. Ba na yi musu fata, amma ina nan.

Laraba, 15 ga wata, da hantsi

Inusa ya zauna da kansa. Ya ci fura a zaune. Alhamdu lillahi.

Na rubuta alhamdu lillahi kuma da gaske nake.

Alhamis, 16 ga wata, bayan magariba

"Baba Agali" Inusa yake ce masa yanzu. Da kunnena na ji. Baiwa ta zuba masa tuwo a akushina na baƙi, wanda na zo da shi daga Katsina, har da man shanu. Ni a ƙwarya aka kawo mini. Ta ce akushin da ma na baƙi ne. Gaskiya ne, na baƙi ne.

Na yi zaune ina tunanin tsoho. Ko ya ambace ni da zai cika? Agali ne kaɗai ya sani a duniyar nan. Ba zan tambaye shi ba.

Asabar, 18 ga wata, da hantsi

Inusa ya taka. Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin ɗorawa da ke tsakar gida, hannunsa a kafaɗar mutumin. Baiwa ta yi guɗa, maƙwabta suka cika gida. Ina tsaye a bakin zaure, idona a kan ƙafafunsa. Nauyinsa duk a dama yake, ƙugun hagu ya zame. Na buɗe baki na ce, "Dunduniya ƙasa."

Inusa ya dube ni, ya dubi Agali, kamar mai tambayar ko ya bi. Agali ya ce, "Ka ji babanka, shi ne malamin." A gabana ake ba ɗana izinin jin maganata.

Lahadi, 19 ga wata, bayan azahar

A kasuwa ana ta yi mini barka. Wani tsoho daga Dungu ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya kawo muku wannan bawan nasa a kan kari." Na ce amin. Me zan ce?

Ba hassada nake ba. Hassada ita ce ka so abin wani ya lalace. Ni so nake a san wanda ya raba tuwonsa da wa.

Laraba, 22 ga wata, bayan la'asar

Yau Agali ya yi sallama a zaure, ya shigo ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya dubi bango da igiya ya ce, "Kamar ɗakin tsoho." Sannan ya rage murya.

Ya ce matafiya a zango sun kawo labari, Nasara yana son a ƙare hanya kafin ruwa ya sauka, masu jar hula suna bin garuruwa suna ƙara ɗibar mutane. Sun gama da Yauri, nan za su zo. Ya ce, "Sun san Inusa. In suka gan shi a tsaye za su koma da shi, kuma bayan nan ba zai ɗauki ko gammo ba. In muka kwantar da shi kuma, duk gari sun ga ya taka, wani zai faɗa. Sai dai ya fito da ɗingishi, irin wanda ba ya warkewa."

Na ce to ya koya masa mana, tun da shi ne Baba.

Ya ce, "Na gwada jiya. Yaya, ni ban taɓa karkacewa ba, ban san yadda ake yi ba. Abin da na koya masa ko yaro zai gane wasa ne. Kai ka zauna a cikin jikin nan shekaru. Kai kaɗai ka san inda nauyi yake faɗuwa."

Ya kamata in ji tsoro saboda ɗana. Na ji, daga baya. Amma abin da ya fara zuwa mini daɗi ne. Akwai abin da Agali bai iya ba, kuma da bakinsa ya faɗa, a zaurena. Na so a ce Kadiri yana nan ya ji.

Alhamis, 23 ga wata, bayan asuba

Na rufe ƙofar zaure, ni da Inusa. Na ce ya saki ƙugun hagu, ya bar kafaɗar dama ta hau. Kada ya ja ƙafa da gangan, ya bar ta ta makara, ita za ta ja kanta. Kada ya yamutsa fuska, mai ɗingishin gaske ya daɗe da daina jin kunyarsa. Na tashi na nuna masa. Jikina bai manta ba, ko kaɗan bai manta ba. Shekarun da na yi ina fitar da abin nan, ashe yana nan yana jira na a bakin ƙofa.

Ya yi ta kallo na. Ya ce, "Baba, haka kake da?" Na ce haka nake. Ya ce, "Da haka ka je Makka?" Na ce da haka.

Rabon da ya kira ni Baba da wannan murya na manta.

Asabar, 25 ga wata, da hantsi

Ya iya. Uwarsa ta gan shi yana tahowa ta fashe da kuka, ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Abin da na fi iya koyarwa a rayuwata ke nan, kuma ba wanda zan iya faɗa wa.

Da yamma ya tafi zango da ɗingishinsa, wai zai nuna wa Baba Agali.

Litinin, 27 ga wata, bayan azahar

Sun zo.

An tara maza a dandali, rana tsaka. Manu mai unguwa yana tsaye kusa da babban masu jar hula, yana ta share gumi. Inusa ya fito, babban ya sa ya je ya dawo, ya bugi ƙafarsa da kulki, ya ce a ture shi gefe. An ture shi gefe.

Ba zan rubuta sauran yau ba.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Mutanen da ake nema ba su cika ba. Saura ɗaya. Babban ya ce ko a kawo masa, ko ya sake duba waɗanda aka ture gefe. Manu ya waiga ya ga Agali a bayan jama'a, tsaye kamar giginya, ba wanda zai ba shi shekarunsa. Ba a ɗaukar baƙon da yake da mai masauki a gari, kowa ya san haka. Wanda yake kwana a zango kuwa ba shi da kowa.

Manu ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji Shekara, an ce tare kuka yi Makka da mutumin nan. Baƙonka ne?"

Zafi ake yi sosai yau. Tun safe kaina yake sarawa. Ban ce baƙona ne ba.

Saboda Inusa ne. Da an sake duba na gefe, wa ya san abin da zai faru? Duk uban da yake wurin haka zai yi.

Da za su wuce da mutanen, Agali ya tsaya a gabana, an ɗaura masa igiya a ƙugu tare da wani saurayi. Ya ce, "Yaya, ka ci gaba da sa masa turmin nan da yamma. Bango sai nan gaba." Shi ke nan abin da ya ce.

Talata, 28 ga wata, da safe

Saboda Inusa ne.

Alhamis, 1 ga watan Zulƙida, da hantsi

Zaure ya cika. Har waje aka shimfiɗa tabarma. Kadiri ne a gaba, ƙafarsa a buɗe kamar agwagwa. Na gyara masa. Ba wanda ya dube ni a ido. Suna jingina da bango ɗaya bayan ɗaya kamar masu jiran wanzami.

Abin da nake so ke nan. Ga shi na samu.

Juma'a, 2 ga wata, bayan la'asar

Baiwa tana kawo abinci ta aje ta juya. Inusa ya daina ɗingishi a cikin gida, amma duk sanda na shigo sai ya koma yi. Na ce masa ba kowa sai mu, ya tsaya daidai. Ya ce, "Wannan kai ka koya mini."

Na ce masa saboda shi na yi. Ban so in faɗa ba, ta fito. Ya ce, "Baba, an riga an ture ni gefe. Akwai ɗan mai unguwa a bayan rumfa, kowa ya gan shi, da ka ce Baba Agali baƙonka ne, ɗan mai unguwar za a nema. Kai ma ka gan shi." Na ce ban gan shi ba. Ya ce to.

Na gan shi ko ban gan shi ba? Rana ce a idona.

Asabar, 3 ga wata, da hantsi

Na je wurin Manu na ce mutumin nan baƙona ne, a gidana ya sauka. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Alhaji, a gaban mutane na tambaye ka. Yanzu ya fi ƙarfina. In kana so ya fito sai ka kai wani a madadinsa." Inusa ya ji labari ya ce shi zai je. Baiwa ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai ya taka ta.

Na ce kowa ya zauna. Gobe zan je in gan shi.

Litinin, 5 ga wata, bayan azahar

Jiya na je, na dawo ƙafafuna a kumbure. Suna aiki gaba da Tsauni kaɗan. Baiwa ta ɗaure mini fura da ƙuli-ƙuli, ita ce magana ta farko da ta yi mini, ta ce, "Nasa ne."

Na isa ana hutun azahar. Ban sha wahalar nemansa ba. Inda mutane suka taru a gindin gawo, nan yake. Ya kwantar da su a ƙasa, ƙafafunsu a kan kwandunan ɗibar marmara da aka kifa, yana ba su labari, suna dariya. Har wani mai jar hula ya cire takalmi ya kwanta a cikinsu. Na tsaya daga nesa. Mutum yana cikin aikin dole, da tabon igiya a ƙugu, kuma shi ake zagayewa. Da ni aka kawo nan da a gefe zan zauna ni kaɗai. Wannan ne ya fara zo mini, kafin tausayi. Allah ya sani.

Da ya tashi zai zo wurina na ga kafaɗarsa ta dama ta sauka, hannun yana rataye, ba ya ɗaga shi. Ya karɓi furar da hagu.

Na ce na zo in tsaya a madadinsa. Ya yi dariya ya ce, "Kai? Da bayan nan da aka sha wahalar miƙewa? Koma gida, Yaya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka dole su sake mu." Na ce ranar nan kaina ne yake ciwo. Ya ce, "Na gan ka. Ƙafafunka kake kallo."

Muka zauna yana shan fura. Sai na ji bakina ya tambaye shi abin da na rantse ba zan tambaya ba. Na ce, da tsoho zai cika, ya ambace ni?

Ya yi tunani, da gaske yake tunanin. Ya ce, "A'a." Na ce kai fa, me ya ce maka? Ya ce, "Ni ma bai ce mini komai ba. A ƙarshe ko sunana ba ya riƙewa, da sunan wani ƙanensa yake kira na. Abin da ya dame shi wani buhun barkono ne da ya jiƙe, ya yi ta cewa a shanya shi."

Buhun barkono. Duk hanya ina tafe ina maimaita shi.

Laraba, 7 ga wata, bayan asuba

Hadari ya taso ya watse. Ban taɓa roƙon ruwa irin na bana ba, kuma ba don gona ba.

Asabar, 10 ga wata, da hantsi

An yi ruwan shuka. Kowa yana gona, zaure ba kowa. Inusa ya bi uwarsa yana zuba iri, a tsaye sosai, ya manta ina kallo.

Talata, 13 ga wata, bayan la'asar

An sako su. Sun shigo gari a jere, ƙura har gira. Inusa ya tare su tun bakin gari ya karɓi ƙullin Agali. Na sa Baiwa ta kwashe hatsin nan ta share ɗakin, na tsaya a ƙofar gida. Suka zo daidai inda nake, Agali ya ɗaga hannun hagu ya gaishe ni, suka wuce zango.

Na ce wa Baiwa ta aika masa tuwo. Ta ce ta riga ta aika.

Laraba, 14 ga wata, bayan azahar

Da safe ina tare da Kadiri da wasu sai aka yi sallama. Agali ne, Inusa a bayansa. Ya cire takalmi ya shiga layi kamar kowa, ya jira har aka zo kansa. Ya tuɓe riga da hannu ɗaya. Ya ce, "Yaya, duba mini kafaɗar nan. Na yi duk abin da na sani, ta ƙi. Ban san ta inda ake farawa ba, ban taɓa yin ciwo ba."

Na ɗora hannu. Allon kafaɗar ya zame gaba, wuya ya bi shi, haƙarƙarin dama duk a ɗaure. Aikin watanni ne, kuma ba lallai ta koma yadda take ba. Ba zai sake taɓa ƙasa ta baya da hannu biyu ba, na sani tun da na taɓa. Wani abu a cikina ya ji daɗi. Na rubuta don ya faru. Allah ya yafe mini, ya ji daɗi, kuma idona ya cika har ban ga igiya sosai ba.

Na ce Inusa ya riƙe masa gwiwar hannu. Ya zo ya riƙe, da ƙafafu biyu a ƙasa. Na juya ƙashin a hankali zuwa inda ya kamata ya zauna. Agali ya kurma ihu, ya zagi uwar Nasara, ya zagi dutsen Tsauni, ya ce in sake shi don Allah. Ihu ya yi kamar kowa. Ban sake shi ba sai da hantsi ya yi.

Da zai fita yana share hawaye ya ce, "Haka ka sha a Jidda?" Na ce wannan somin taɓi ne. Na ce ɗakin yana nan a share. Ya ce zai yi tunani.

Gobe bayan asuba zai dawo. Na ce kada ya makara, ba na jiran kowa.